Dutsen 'Yar Fari

Ernia tana zare burodi daga tanderu ta ji ana auna ɗakinta. Evgenula ce, 'yar yayarta, da wani magini. Gado biyu zai ci, in ji Evgenula, baƙi su buɗe taga su ga teku. Tsohuwar kuwa an samo mata wuri a gidan tsofaffi a tsibirin Rodos, da zarar bikin Maryamu ya wuce.

"Inna, hutawa fa za ki yi," in ji Evgenula. "Ga likita, ga talabijin. Me kuma kike nema?"

"Allah ya yi miki albarka," in ji Ernia, ta ci gaba da aikinta.

A tsibirinmu, nan ƙasar Girka, gida na 'yar fari ne. Gidan uwa, gonar zaitun, sarƙar zinariya, har dutsen da ake tsayawa a kai a gaban coci, duk nata ne. Ta biyu sai wanki da shara. Ernia ta biyu ce. Ta bauta wa yayarta Mangafula tun gashinta baƙi har ya yi fari fat, ba miji, ba ɗa, ta yi mata aikin da ake faɗa da wanda ba a faɗa. Ga Mangafula nan zaune a inuwa tana jin ana auna ɗakin, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi komai cin ran Ernia, ta ji ta tsani yayarta tsana ta gaske.

A makon ne jirgin ruwa ya sauke wata baƙuwa daga Ostareliya, Linda, mai kimanin shekara hamsin, da hular rana da kyamara. Ta kama ɗaki a gidan, don shi kaɗai ke saukar baƙi a ƙauyen. Ta ce tsibirai sun yi yawa a Girka, amma wannan ne iyayenta suka taɓa zuwa tun da can, kuma sunansa mahaifiyarta ta riƙa kira kafin ta rasu. Ernia ta miƙa mata kofi. Baƙuwar ta karkata kai ta karɓa da hagu, sak yadda Mangafula ke yi, Ernia ta daɗe ba ta saki farantin ba.

Washegari Ernia, wadda ba ta taɓa zuwa bakin teku don nishaɗi ba, ta ɗaura kallabi ta ce ita za ta raka baƙuwa. Ta kai ta gaɓar da ruwan ke nuna tsakuwar ƙasa. Ta zauna da baƙaƙen kayanta a kan yashi, har ta karɓi man kariya daga zafin rana ta shafa wa Linda a baya. A ƙasan kafaɗar dama hannunta ya tsaya a kan wata tawadar Allah da ta sani, sannan ya wuce.

Daga nan sai ta maƙale mata. Ta zaga da ita ƙauyukan kan dutse, ta koya mata murza taliya da yatsu, ta nuna mata takun rawa. Da ɗan guntun Turancin da ta tsinta a bakin baƙi take tambayarta watan haihuwarta, da ko tana da 'ya mace. Tana da ita.

"Inna ta yi ƙawa," in ji Evgenula tana dariya. "Ko Ostareliya za ki bi ta? Da kin rage mana wahala."

Mangafula ba ta yi dariya ba. Idonta ya yi rauni, baƙi kuma ba ta kula su, amma duk sanda Linda ta ƙyalƙyale a tsakar gida sai ta ɗaga kai kamar an kira ta.

Ranar biki Ernia ta riga kowa shiri. Ita ke goge sarƙar gidan duk shekara, don haka ba wanda ya tambaye ta da ta buɗe akwati. Ta sa wa Linda riga mai ado, ta yafa mata gyale, ta rataya mata zinariyar har ciki. Linda sai murna, ta ɗauka haka ake karrama baƙo. Ernia ta san ba ta kyauta wa baiwar Allah ba, amma ba ta fasa ba.

Coci ya cika maƙil sa'ad da ta ratsa da ita ta tsakiyar mata. Ta wuce sahun baya, inda ta tsaya duk rayuwarta, ta kai ta gaba ta tsayar da ita a kan dutsen gidansu. Fada, limamin cocin, ya sarƙe a tsakiyar waƙa. Tsofaffi suka kama baki.

Evgenula ta shigo riƙe da hannun uwarta, wuyanta fayau ba sarƙa, fuska kamar za ta fashe.

"Inna, kin haukace ne? Sauke ta! Dutsen 'yar fari ne wannan, ba wurin ɗaukar hoto ba!"

"Na fi ki sanin na waye," in ji Ernia.

Ta juya wajen yayarta, wadda sandarta ta riga ta faɗi ƙasa. Ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

"Yaya, tunda ba ki iya magana, bari in yi miki. Ni kika ba jaririyar da kika haifa kafin aurenki, ni na miƙa ta ga Turawan nan na Ostareliya a bakin jirgi, na rufe bakina. Ga 'yarki ta fari nan ta dawo gidanta. Evgenula ta biyu ce, kamar ni."