Sarautar Kakan Bature

"Har sarauta aka ba shi a Kano," in ji wani Bature, ya sake riƙe mini hannun riga a kasuwar takalma ta Zhanxi, can ƙasar waje inda na je sari.

Tunda ya ji ni Bakano ne yake zuba: ƙidayar jama'ar Ingila, rajistar cocin ƙauyensu, yadda ya bi sawun wani tsohon jami'in mulkin mallaka har Najeriya. Ina ji ina gani mai shago ya sayar wa wani ɗan Maraɗi takalman da na zo ɗauka.

"Sai dai ban tabbata kakana ne ba," in ji Baturen. "Duba sarautar, me take nufi?"

Na leƙa wayarsa. An rubuta: Sarkin Surutu.

"Daina bincike," na ce. "Wallahi kakanka ne."