Cukun Ƙetaren Rafi

Jami'in tantance cuku ya ƙwanƙwasa dunƙulen cukun da 'yar gudumarsa, ya ɗanɗana, har da lumshe ido. Sannan ya mayar da hatimin amincewa jaka bai buga ba.

"Babu abin kushewa, Iya. Amma taswirar da aka aiko daga Faris ta ce iyakar kwarin nan rafi ne, rumfarki kuwa tana ƙetare. Kada ki ƙara sayar da shi da sunan kwarin."

Tsohuwar ta dubi takalminsa da bai taɓa taka kashin shanu ba. Shekara hamsin tana juya cuku a kan katakon nan, yau ɗan jiya ya zo mata da takarda.

"To, na wa ne na asalin, ranka ya daɗe?"

Ya miƙo mata na masana'antar da aka gina bara, naɗe cikin leda.

Ta sa tabarau. A tambarin da ke jikin ledar akwai hoton wata mata da bokitin madara, tsaye a ƙofar rumfa.

Ta ja tsaki, ta mayar masa da abinsa.

"Wannan uwata ce, yaro. Waiwaya ka ga ƙofar da ke hoton."