Kwalbar Maganin da Kaka Ya Ɗauraye

Madogarata biyu ce kawai: abin da na riƙe ina 'yar shekara bakwai, da littattafan da na duba a wani ɗakin karatu na unguwar Bloomsbury a Landan. Littattafan sun tabbatar cewa allurar penisilin ta fara isa ga sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da fari ta yi ƙaranci. Ba su ambaci kakana ba.

Wata la'asar, a gidanmu na unguwar Lewisham a Landan, ya kama ni ina zubar da maganin sha na ciwon kunnena a wurin wanke-wanke na kicin. Bai yi faɗa ba. Ya naɗe wandonsa, ya nuna mini wani tabo mai rami a ƙwaurinsa.

"Taɓa, amarya," in ji shi. "A yaƙin Bama mu biyu muka ji rauni, ni da abokina Garba. Harsashi bai kashe mu ba, ruɓewar ciwo ce abin tsoro. Allura ta zo, ba ta isa kowa ba. Ni aka yi wa. Garba hodar magani aka barbaɗa masa, aka yanke ƙafar, duk da haka bai tashi ba."

Sai ya zuba ruwa kaɗan a kwalbar, ya girgiza, ya miƙo mini. "Shanye. Ba a barin ko ɗigo."

Na shanye. Har yau ina jin ɗanɗanon ayaba na maganin a harshena, ina kuma kewar muryarsa. Ya rasu ban tambaye shi abu guda ba, littattafan ma ba su amsa mini ba. Wa ya zaɓi kakana ya bar Garba, kuma bisa wane dalili?