Zarton da Ba Ya Cewa "In Ja?"

Ƙanwarka Uwani ta nuna mini hotonka a wayarta, kana riƙe da sabon zarton nan na lantarki, ta ce wai yanzu ba ka bukatar kowa a wurin aiki. Allah ya sanya albarka. Ni ban san ƙarfe ba, amma ga wani misali, ka karanta in ka samu zama.

An yi wasu mutum biyu masu yankan itace, shekara ashirin da ɗoriya suna jan zarto ɗaya, irin dogon nan na dā mai mariƙi biyu, wannan a gefe, wancan a gefe. Suna da wata al'ada: ba mai ja sai ya ce, "In ja?" ɗayan ya duba inda hannunsa yake, ya ce, "Ja." In kuma za a wasa haƙoran zarton, mai wasawa ya ce, "Riƙe mini," ɗayan ya danne ƙarfen da gwiwa, ya ce, "Na riƙe." Hirarsu ta yini ba ta cika wuce wannan ba, kuma ta ishe su. Wata damina Allah ya karɓi ran ɗayan. Wanda ya rage ya rataye dogon zarton a bango. Maƙwabcinsa, wani tsohon direba da ya ajiye tuƙi, ya zo ya ce, "Malam, zama ya ishe ni, bari in riƙa kama maka." Ya ce, "Bar shi, na gode." Ba wulaƙanci ba ne. Ba zai iya ɗaga kai ya ga wata fuska a wancan gefen ba ne. Sai ya sayo zarton lantarki mai sarƙa, ya ja doguwar waya zuwa wani kango a bayan gari, inda ba mai leƙowa sai awaki. Kuma ya kula da injin nan, a gaskiya. Kowace safiya zai duba man da ke jiƙa sarƙar ya ƙara, da yamma ya share dusar itacen da ta maƙale, ya lulluɓe shi da buhu kamar mai jin sanyi. Abu ɗaya ne ya dame shi. Masu ƙera injin sun yi shi ne don hannu biyu, ɗaya a mariƙin gaba, ɗaya a baya yana danne da kunamar da ke tayar da shi, da ka saki ya tsaya. To wa zai riƙe masa itacen? Sai ya samu robar tsohon tif na keke, ya ɗaure kunamar tamau. Yanzu injin ba ya tsayawa sai an zare waya, shi kuwa ya samu hannu guda na dafe gungume. Har ya ji daɗin dabarar tasa, sai dai babu wanda zai nuna wa.

Ran nan bayan azahar yana tsakiyar yanka wani gungumen maɗaci, aka ɗauke wuta. Injin ya yi tsit. Ya ce bari ya yi amfani da wannan zama, tunda sarƙar ta ɗan saki kuma haƙoranta sun dakushe. Inda aka jona wayar yana can ƙarshen kango, rana ta take, gwiwa ta gaji. Ya dubi injin kwance kamar mataccen abu, ya ce ai babu wuta. Ya zauna, ya ɗora shi a kan kututture, ya ɗauko magagarin wasa haƙora. Bakinsa da ya saba, shi kaɗai ya ce, "Riƙe mini." Ba wanda ya amsa. Ya wasa haƙori uku, ya sa hannun dama ya kama sarƙar zai jawo na gaba. Ka san a cikin gari in wuta ta dawo kowa yana sani: fanka ta juya, rediyo ya farka, wani daga wani gida ya ɗaga murya, "An kawo!" A kangon nan babu ko ƙwan fitila. Wuta ta bi waya ta zo shiru, ta tarar da kunama a ɗaure, zarton kuwa bai ce "In ja?" ba. Sunan da mutumin ya fara kira, bayan salati, na abokinsa ne da ke kabari. Ya naɗe hannun da hularsa, ya taka shi kaɗai har bakin hanya, awaki na kallonsa. Yatsu uku suka tafi. Ya warke, alhamdulillahi, amma in ya idar da salla ya zo jan tasbihi a gaɓoɓin yatsunsa yadda ya saba tun ƙuruciya, sai ya kai inda babu. Tsohon direban ne ya je kangon ya zare wayar, ya yanke robar nan da wuƙa. Shi ne kuma yanzu yake riƙe zarton da hannu bibbiyu, mai shi yana gefe yana nuna masa inda zai yanka.

To kai ma, shirun inji ba mutuwa ba ne. Kada ka taɓa haƙoransa sai ka ga kan wayar a hannunka. Abin da aka yi don ya tsaya, kada ka ɗaure shi. Kuma ka samu wani ya tsaya kusa da kai, ko da ba ya komai sai amsa maka. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.