Harshen Anselmo

Ranar Litinin da safe Nunzia, uwar gidan Bartolucci, ta tsinko curin inabi a gonar kan tudu, ta kai wa Anselmo. Ya sunsuna, ya kau da kai.

A gidan Bartolucci ba a girbe inabin Verdicchio sai Anselmo ya ɗanɗana ya yarda. Aikin ubansa ne, shi ma ya gada daga nasa uban. In inabi ya nuna daidai, yakan cinye curin tas. In da saura, ko lasa ba ya yi. Shekara goma sha biyu yana wannan hukunci, farar giyar gidan ba ta taɓa ba su kunya ba, ko da yake shi kansa bai taɓa kurɓar ta ba. Tsoho ne mai farin gemu da taurin kai. Ba ya zuwa coci, ba ya gaida kowa, wanka kuwa bai dame shi ba.

Tiberio, ɗan Nunzia, shekara biyar ya yi a jami'a yana karatun noman inabi, kuma yana da na'urar auna zaƙi.

"Mama, inabin nan ya nuna. An ce ranar Alhamis za a yi ƙanƙara. In ta same shi a gona, bana sai dai mu sayar da ruwan tsami."

"Ka ce wa na'urar taka ta yi haƙuri. Anselmo bai yarda ba tukuna."

Ranar Talata ma ya ƙi. Masu girbi goma sha biyu suka zauna gindin zaitun suna karta, suna cinye wa Nunzia burodi da cuku. Maƙwabcinsu Ermete, wanda ya gama nasa girbin, ya tsayar da tarakta a bakin shinge.

"Nunzia, har yanzu farfesan naku bai sa hannu ba? Ko tsuntsaye kuka noma wa bana?"

Nunzia ta ɗaga kai ta dubi sama. Gajimare ya fara taruwa ta wajen duwatsu.

Tiberio ya ajiye digirinsa gefe. Ya wanke inabi, ya jera a farantin da ake fitarwa ranar Kirsimeti kaɗai, ya durƙusa a gaban tsohon yana lallashi. Anselmo ya dube shi, ya yi gyatsa, ya juya masa baya. A nan ne Tiberio ya lura abincin tsohon na jiya ma yana nan, ba a taɓa ba.

Da sassafen Laraba likita Ilaria ta zo. Sai da maza uku suka riƙe shi kafin ya buɗe baki. Ta zaro ƙwallon zaitun da ya maƙale tsakanin haƙoransa na baya, ta ce a shekarunsa ya kamata ya rage haɗama.

Nunzia ta miƙa masa sabon curi. Ya cinye har da ganyen.

Aka afka gona da almakashi da kwanduna. Ƙanƙara ta sauko Alhamis da azahar, ta tarar layi biyu kawai suka rage.

Da shekara ta zagayo, giyar ta zo ta ɗaya a gasar yankin da aka yi a birnin Ancona. A takardar shiga gasar, wajen sunan gwanin ɗanɗano, gaskiya Tiberio ya rubuta. Sai ga katin gayyata mai ruwan zinariya, ana roƙon Signor Anselmo, wato Malam Anselmo, ya yi jawabin minti goma.

Nunzia ta taje masa gemu, ta ɗaura masa jan nakatai, aka ba shi kujerar baya a mota shi kaɗai. A ƙofar zauren mai gadi ya karanta katin, ya dubi Anselmo, ya sake duba katin, ya ga har an cinye rabinsa.

"Ranki ya daɗe, na ga sunansa a rubuce," in ji shi, "amma ba a shiga da bunsuru."