Ranar da aka mayar da Mama bencin baya

Wata Asabar da yamma dattijon cocinmu ya shigo gidanmu a Dubeli. Ya tarar da Mama tana tace burkutu, sana'ar da take ciyar da mu tun rasuwar babanmu.

Ya ce, "Saratu, zunubi zunubi ne. Daga gobe bencin baya za ki zauna a coci, kuma ba za ki ci Jibin Ubangiji tare da jama'a ba."

Ina tsaye kusa da shi, ina jin warin burkutun tukunyarmu a bakinsa.

Mama ta durƙusa ta ce, "Na gode, Baba."

Godiyar nan ce take ƙona min rai har yau. Matar nan ta yarda ita ce mai zunubin, har ta mutu tana roƙon gafara. Shi kuwa, wa ya taɓa tayar da shi daga kujerar gaba?