Baƙon da Ya Ƙi Inuwa

Baƙon ya ƙi shiga inuwa. Ayarin da ya taho da shi daga Agadas ya sauka a bakin rijiyar wani ƙauye arewa da Kornaka, wajen Dakoro, ana tsakiyar bazara. Kowa ya ruga gindin aduwa. Shi kuwa ya shimfiɗa buzunsa a fili ya zauna, bargo a kafaɗa, amawali ya rufe masa fuska har ƙasan ido.

Ya ce sunansa Hamma. Hausarsa ta ba mutane dariya: dattijo da furfura har a gira, amma yana magana kamar yaron da bai fara azumi ba.

Bai ɓoye labarinsa ba, bai kuma ƙawata shi ba. Bauta ya yi a Santambul, can bayan teku. Aikinsa wankin tukwane a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, da ruwan da ke yanka hannu. A can ƙanƙara ke saukowa kamar auduga, rana kan yi watanni ba ta leƙo ba. Abu ɗaya ya riƙe a ransa duk tsawon shekarun: in ya sami kansa, zai tafi ƙasa mai rana ya sayi gida. Da ubangidansa ya mutu aka 'yanta shi. Ya yi dako a bakin jiragen ruwa har bayansa ya ranƙwafa, ya tara abin da ya tara, ya kamo hanya.

Mai gari ya saurare shi, ya ce, “Nan ba a sayen gida, baƙo. Ga hili nan, zaɓi inda kake so, samari su kafa maka.”

“Saye nake so,” in ji Hamma.

Aka zaga da shi. Ya wuce gidaje masu sabon shinge da manyan rumbuna bai ko waiwaya ba. Can ƙarshen gari, inda hanyar ayari ta gifta, ya tsaya a ƙofar wani gida da dannin ya kwanta, ba ko itace ɗaya a tsakarsa.

Gidan Abarci ne, wani tsoho da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse. Duk garin an san ciwonsa: arewa. Ba madugun da zai sauka bai tsare shi da tambayar Tarabulus ba, da fararen benayenta, da yadda ake sayen gida a can mutum ya zauna a kan soro yana kallon ruwa. Yana saurayi ya taɓa kama hanya, abin hawansa ya mutu kafin Agadas, ya dawo a ƙafa. Tun daga nan bai ƙara gyara shingensa ba, wai don me, shi da zai tashi.

Hamma ya shiga. Ya sunkuya kafin ya kai ga gungumen da ke buge goshin kowane baƙo a ƙofar. Ya tsaya a tsakar gida, ya daɗe yana duban ƙasa.

“Raƙumi ɗaya,” ya ce.

Abarci ya zaci ba'a ce. Da aka janyo amalen, ya ga tozonsa, sai ya gane da gaske ne. Mai gari ya ja baƙon gefe ya gaya masa gaskiya, gidan ko akuya biyu bai kai ba. Hamma ya ce ya ji. Aka kira shaidu, aka shafa fatiha.

Ayarin ya wuce Katsina. Kafin ya juyo Abarci ya bi shi arewa, kullum tsohon na manne da Hamma.

“Malam, kai da ka gani da idonka, Tarabulus haka take yadda ake hwaɗi?”

“Akwai fararen gidaje. Akwai ruwa har inda ido ya ƙare.”

“To hanya fa? Tsoho kamata shi kai?”

“Ana kaiwa. Yaro ma ya kai, a ƙasa.”

Bai gaya masa abin da ke zube a gefen rijiyoyin hanyar ba. Abarci ma bai tambaya ba.

Ranar tashi, sai da mutum biyu suka ɗora tsohon a sirdi. Ya leƙo daga sama, idonsa ya yi jawur, ya ce, “Allah shi saka maka, baƙo. Ban san ka ba, ka yi mani abin da dangi ba su yi ba.”

Hamma ya ɗaga masa hannu. Ya tsaya har ƙurar ayarin ta kwanta.

Sannan ya koma cikin gidansa. Rana tana tsaka. Ya ajiye bargon, ya zauna a kan yashi mai ƙuna, ya jira. Ya daɗe yana zaton ranar nan za ta zo masa da wani abu, murna ko kuka ko ɗaci. Ba abin da ya zo. Sanyin yana nan a ƙashinsa, inda ya saba zama.

Intalla, tsohuwar maƙwabciya, ta shigo da ƙwaryar fura ta ajiye a gabansa.

“An cuce ka, bawan Allah,” ta ce. “Raƙumi guda bisa wanga kango?”

“Kuɗin ke nan,” ya ce.

Ta girgiza kai ta fita. Bai gaya mata cewa ba gidan ya yi wa kuɗi ba. Raƙumi ɗaya ne wansa Abarci ya karɓa a wannan ƙofar, ranar da ya kamo hannun Hamma yana yaro ya miƙa shi ga madugu.